Mama Chiazom da Wayar da Ta Karɓa a Hannuna

Kai mai karatu, idan kana da 'ya a gida, ka dakata ka ƙirga wayoyin da ke gidanka, kuma kada ka yi saurin amsawa. Ni Agnes, matar Pindar, da an tambaye ni bara da na ce biyu ne, tawa da ta maigida, har na rantse a kai. Ashe uku ne.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira maƙwabciyata Nnenna, matar Chukwuma mai sayar da kayan gini, wadda duk unguwar Fezzan ta sani da Mama Chiazom. Hawan jini ne ya kayar da ita a shagonta na atamfa a Kasuwar Monday, ta kwana uku a asibiti, ta tafi. Shekararta arba'in da shida. An wuce da gawarta garinsu a kudu, don haka ba ni da kabarin da zan tsaya a kai in faɗi abin da ke raina. Shi ya sa na ɗauki biro.

Mama Chiazom, a nan garinmu Yerwa aka haife ki, kuma babu wanda ya kai ki iya kasuwa. Bakanuriya ta tsaya a bakin shagonki, ki tare ta da gaisuwarsu ta "wushe, wushe" har ta manta cewa ba saye ta zo yi ba. Lokacin da na haifi autana, ke kika yi sati biyu kina kawo min farfesu mai yajin da ke sa hawaye, kina tsaye a kaina sai na shanye. Ban manta ba. Amma ni ba mai yi wa mamaci kwalliya ba ce, kin san halina. Akwai abin da ban taɓa so a wurinki ba, shi ne kallon fim.

Akwai wani ɗan wasa da kowa ya sani. Ba zan rubuta sunansa ba, tallar da ake yi masa ta ishe shi. Duk fim ɗin da ya fito a ciki, ranar da aka sa shi a manhajar waya, ranar za ki kalle shi, kina zaune a bayan tulin atamfa. Da yamma sai saƙon muryarki ya faɗo zauren WhatsApp na matan unguwa. Ke ba ki san wani dogon sharhi ba, da tukunya kike auna fim. Idan ya yi miki daɗi sai ki ce, "Mata, wannan ya ƙona min shinkafa, ku nema." Idan bai yi ba ki ce, "Dogon nan ya ɓata min data, ko ruwan zafi bai isa ya mantar da ni ba. Gemun ma na manne ne, na ga gam ɗin." Wani lokaci ki ƙara da cewa, "Daga minti talatin da biyu ku aiki yara ɗebo ruwa, kada su dawo sai minti arba'in." Mata su yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na ce a raina, matar aure mai 'ya'ya huɗu, ta san mintin da namiji ya tuɓe riga a fim, wannan me za ta koya wa 'yata? Domin Phebe, 'yata ta fari, tana aji shida na sakandare a lokacin, kuma kullum aka tashi daga makaranta sai ta biya ta shagonki.

A watan Yuli na bara ina neman takardar haihuwarta a akwatinta, sai hannuna ya taɓa wani abu a cikin safa. Waya ce sabuwa fil, irin wadda albashin maigida na wata biyu ba zai saya ba, cike da finafinan ɗan wasan nan. Ban tambayi Phebe ba. Na yafa gyale, na hau keke-napep har kasuwa, na dangwarar miki da ita a kan teburin awo, a gaban masu ciniki. Na ce, "Ga kayanki. Ki ɓata naki 'ya'yan, ki bar min tawa."

Kika dubi wayar, kika dube ni. Kika ce, "Mama Phebe, kin ci abinci kuwa? Fuskarki kamar ta mai karɓar haraji." Na ce ba wasa ya kawo ni ba. Sai kika ɗauke ta kika jefa a jaka, kika ce, "To, na karɓa. Zan mayar da ita inda ta fito." Na ɗauka kanti kike nufi.

Daga ranar na daina yi miki magana. Na hana Phebe taka shagonki. Duk saƙon da kika turo zaure, ina ganin sunanki nake gogewa ban saurara ba. Da ambaliya ta ci unguwarmu a watan Satumba, ruwa ya lalata miki rabin kaya a kasuwa, duk da haka kika aiko mana da garin kwaki da barguna biyu. Na karɓa saboda yara. Na ce wa maigida, "Lallashi ne, tana so in saki yarinyar." Ko na gode ban aika miki ba. Wata takwas muka yi a haka, ƙofa na kallon ƙofa.

Ranar da za a tafi da gawarki, Phebe ta yi kukan da ya wuce na maƙwabta. Ni kuwa kuka irin wannan ba ya wuce ni ban bincika ba. Da muka koma gida na rufe ƙofa na ce ta zauna. A nan na ji abin da ya sa har yau abinci ba ya yi min daɗi.

Ba ke kika saya mata wayar ba. Wani magidanci ne, mai mata da 'ya'ya, da ke rage mata hanya a mota. Shi ke biya mata kuɗin manhajar duk wata, ya kuma fara cewa ta zo su kalli fim tare a wani wuri. Ke kuma ta bakin fim kika kama ta. Kina cikin kallon wani sabo a shago, Phebe ta yi suɓul da baka ta ce miki matar ce za ta mutu a ƙarshe. Kika ce, "Jiya-jiya aka sa shi, gidanku ba a kallo, a ina kika gani?" Ba ki bar ta ta tashi ba sai da ta faɗa miki komai. Kika ba ta sati ɗaya ta gaya min da bakinta. Kwana huɗu da yin haka na riga ta, na gano wayar. Kika sha zagina a gaban jama'a don kada sunan yarinyar ya zaga kasuwa. Washegari kika je har wurin aikin mutumin, kika aje masa wayarsa, kika ce idan motarsa ta sake tsayawa kusa da Phebe, matarsa za ki kai wa labari da kanki. Bai sake tsayawa ba.

Na je wurin Turai, maƙwabciyarmu da ba ta goge komai a wayarta, na ce ta kunna min saƙonninki na watan Yuli. Akwai wanda kika turo kwana biyu bayan rigimarmu, a kan wani fim da dogon nan ya fito a attajiri mai yi wa 'yar makaranta kyauta. Babu dariya a muryarki. Kika ce, "Wannan kada ku aiki kowa ɗebo ruwa. Ku zaunar da 'yan matanku ku kalla tare, ku tambaye su me suka gani. Mama Phebe, har da ke." Sau uku na sa Turai ta maimaita min wurin.

Ban canza ra'ayi a kan finafinan nan ba. Har yanzu ban yarda da ɗan wasan ba, ban yarda da masu tura mana shi cikin waya ba, kuma ina da ƙorafi a kanki: da kin ja ni bayan shago kin faɗa min. Amma na san amsarki. Za ki ce, "Da kin tsaya kin ji?" Da ban tsaya ba. Na zargi wadda ke kallo a fili kowa na gani, na bar magidancin nan da ke gaishe ni da ladabi a bakin titi. Ya zo gaisuwar rasuwarki, Mama Chiazom. Ya zauna a bencin gaba, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Idan wannan takarda ta kai hannunsa, ya sani cewa maigidana ya ji, kuma na haddace lambar motarsa.

Ki yafe min. Ban faɗa miki kina da rai ba, wannan kuwa kaya ne da zan ɗauka har in same ki. Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa a wurinsa, ya sāka miki da abin da kika rufa wa gidana. Baban Chiazom, Allah ya ba ka haƙuri da ƙarfin riƙon yara. Chiazom, Ezinne, Somkenechukwu da Ifechukwude, Ubangiji ya zama uwa a gare ku, ƙofata kuma a buɗe take. Ina miƙa ta'aziyyata ga danginta na kudu, da abokan kasuwancinta, da matan Fezzan baki ɗaya.

A gidana kuwa na kafa doka, kuma ta fara aiki tun ranar Lahadi. Ba a kallon fim a ɗaki, ba a kallo da abin toshe kunne. Wanda ke son kallo ya kawo falo, a jingina wayar da kwalbar mai a kan tebur, ni ma in ja kujera. Idan an gama, kowa ya faɗi abin da ya gani, Phebe ce farko, ni ce ƙarshe, kuma ba na katse kowa. Duk abin da ya shigo gidan nan a matsayin kyauta, ko cingam ne, sai na ji sunan wanda ya bayar.