Yaya Idi, Wanda Ya Ƙi Tare wa Bareyi Hanya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Idi ya tafi.

Da safen nan ina riƙe da kofin shayi wayata ta yi ƙara. Safiya ce, 'yarsa ta fari. Ta ce, "Ammi Bakur," wato baffa, kamar yadda take kirana. Ban bari ta wahala da neman kalma ba, na ce, "Yaushe?" Ta ce bayan ya idar da sallar Asuba, a kan shimfiɗarsa, a gidansu na unguwar Utaibiyya, nan Makka.

Har yanzu ban iya tashi daga inda nake zaune ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, da yatsa ɗaya nake dannawa, kuma idon ba ya gani sosai yau.

Yawancinku kun san shi a matsayin Idi mai tsire, tsohon nan mai faɗa idan ka ce yajinsa ya yi yawa. Waɗanda suka yi aikin Mina sun san shi da dakon kayan alhazai. Ni kuwa na san shi tun bai fara ko ɗaya ba, tun muna samari a cikin shekarun hamsin, muna gyaran dajin farauta.

Na san yaran yanzu za su yi dariya. Farauta a Makka? To, a cikin Harami ba a farauta, ko tsorata dabba ba a yi, ko ƙaya ba a sara. Amma da ka wuce iyaka, halal ce ga wanda ba ya cikin ihrami. Kuma a lokacin akwai bareyi a bayan Shumaisi, gefen hanyar Jidda, garke-garke.

Wani attajiri daga Jidda ya karɓi hayar wani fili a hannun Badu, Larabawan daji, kwari ne mai faɗi tsakanin duwatsu, gabashinsa ya jingina da iyakar Harami. Yana son idan sanyi ya shigo ya kawo abokansa da bindigogi da karnuka. Sai ya nemi masu gyara wurin kafin lokaci. Aka haɗa shi da mu biyu.

Ni an haife ni a unguwar Misfala a Makka, babana yana da tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Aikin nan a wurina neman abin kashewa ne kawai. Ga Yaya Idi ba haka ba ne. Shi da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa yana yaro, ta Chadi, ta Sudan, ba shi da wata takarda mai ƙarfi. Attajirin ya yi masa alkawari a gabana: idan farautar bana ta yi kyau, zai tsaya masa har ya samu tabi'iyya. A zamanin, mutum irinsa idan ya tsaya maka, an gama.

Babu abin da Yaya Idi yake so a duniya kamar wannan. Ya zauna a Makka ba tare da gabansa yana faɗuwa ba.

Saboda haka ya yi aiki kamar filin na ubansa ne.

Ni ɗan birni ne, ban san kashin barewa da na akuya ba. Shi kuwa jikan mafarauta ne. Ranar farko ya sa ni tafiya a bayansa muna duban sawu, ina ta surutu, ya juyo ya ce, "Bakur, bakinka kaɗai ya isa ya kori naman dajin Hijaz gaba ɗaya." Daga ranar ya raɗa mini suna Rediyo. Har ya mutu bai fasa ba.

Mun haƙa ramuka muka daɓe su suka zama komin ruwa. Muna ɗauko ruwa a salka a kan jaki daga wata rijiya mai nisa, mu zuba, rana ta sha rabi, mu sake. Muka gina maɓoya da duwatsu a inda iska ba za ta kai wa dabba warin mutum ba. Muka share hanyar da mota za ta bi. Da aka yi ɗan yayyafi, ya fito da wake daga ƙullin zanensa ya watsa a gindin dutse, wai ganyen zai jawo su.

Sai kanwa. Ya bi gidajen matan Hausawa a Misfala yana roƙon guntun kanwar da alhazai suka zo da ita, ya daka, ya kwaɓa da ƙasa, ya ajiye kusa da ruwa. Badu suka zo suna kallo suna dariya, wai Takruni, kamar yadda suke kiran mutanenmu, zai yi wa barewa miya. Ya ci gaba da aikinsa. Ba a daɗe ba sawu ya cika wurin kamar an yi kasuwa.

Ba na mantawa da ranar da ƙaya ta shige mini a tafin ƙafa ta karye. Ya zaunar da ni, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya cire ta da allura yana yi mini tsiya wai ƙafata ta amarya ce. Ya ba ni takalminsa, shi ya koma bukka ƙafa ba takalmi a kan duwatsu masu zafi. Idan gurasa ta rage ɗaya, sai ya ce shi cikinsa yana ciwo. Na daɗe kafin na gane ƙarya yake yi.

Da sanyi ya kusa, attajirin ya zo gwaji da mutum biyu. Ya ga aikin, ya yi murna, ya dafa kafaɗar Yaya Idi. Amma da aka harba bindigar farko, sai bareyin nan suka miƙe gabas gaba ɗayansu, suka bi ta wata 'yar ƙofa tsakanin duwatsu biyu, suka wuce tulin duwatsun da ke nuna iyaka. Suna shiga Harami suka rage gudu. Wasu har suka tsaya suna waiwayenmu.

Wallahi da idona na gani. Ko sun san iyakar ne, ko sun dai lura cewa a can ba a bin su, Allah ne masani.

Attajirin ya yi dariya da farko, daga baya ya daina. Ya ce abin mai sauƙi ne. A sari ƙaya daga wajen iyaka, a yi shinge mai tsawo a toshe ƙofar nan kafin baƙinsa su zo.

Ina so in yi masa adalci, don shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ba mugu ba ne. Sai da ya tambayi malami, aka ce masa shingen a wajen Harami yake, ƙayar ma daga waje, babu laifi a kansa. Ya dawo ya faɗa mana haka, har da fara'arsa.

Yaya Idi ya sunkuyar da kai ya ce ba zai yi ba.

Attajirin ya ce, "Ya Idris, malami ya ce halal."

Ya ce, "Na ji, ya ammi. Ban ce haramun ba ne. Ni dai ba zan iya ba."

Aka tambaye shi dalili, Larabcinsa a lokacin bai kai ya yi dogon bayani ba. Sai ya juyo ya faɗa mini da Hausa, wai in fassara. Ya ce, "Gaya masa ni na jawo su nan da ruwa da kanwa, kuma in an harbe su zan ci naman, farauta gadona ce. Amma na san yadda mai gudu zuwa wurin nan yake ji. Mun yi shekaru a hanya muna nufin wannan iyakar. Babana a Sawakin, gaɓar Sudan, ya mutu yana kallon teku, an hana shi jirgi. Hannuna ba zai tare wa mai nufin Harami hanya ba, ko da dabba ce."

Na fassara, amma kafin nan sai da na ja shi gefe. Na ce, "Yaya, ka haukace ne? Tabi'iyya fa! Shinge ne kawai, wuni ɗaya mu gama. In kana so ni zan ɗora ƙayar, kai ka tsaya kana kallo." Ya ce, "Rediyo, idan na tsaya ina kallo, me ya rage?"

Attajirin ya ba shi lokaci ya yi tunani. Ya dawo ya tarar da shi a kan bakansa. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Halas," wato shi ke nan, ya sallame shi. Maganar tabi'iyya ta mutu a nan.

Na bi shi muka dawo gari tare. Kada ku ɗauka jarumta ce, tsoron zama a dajin ni kaɗai nake yi, kuma ni babu abin da na rasa. An kawo wasu leburori suka yi shingen. An ce farautar shekarar ta yi albarka sosai. Bayan 'yan shekaru, da motoci suka yi yawa, babu barewa ko ɗaya a kwarin nan, da shinge da babu shinge.

Wannan ne ya daɗe yana cin raina. Bai ceci ko ɗaya ba. Ƙofa dai an rufe ta, shi kuma tasa ƙofar ta rufe.

Daga baya ya nemi tabi'iyya ta wasu hanyoyi, bai dace ba, har abin ya yi tsauri ya gagara. Ya ƙare rayuwarsa a kan iƙama, takardar zaman baƙo, ana sabuntawa, ana neman kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa, ana bin layi. Duk lokacin da aka ce ana kame, sai ka ga ya rage fita. 'Ya'yansa ma sun ɗanɗana. Babban ɗansa yaro ne mai ƙwaƙwalwa, amma ƙofofin da aka buɗe wa nawa ba a buɗe masa ba, har ya gaji ya koma Kano, garin da bai taɓa gani ba. Na san wannan ya fi komai yi wa Yaya Idi ciwo, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Ni dai na sha yi masa gori. Idan muka zauna a bakin tukubarsa nakan ce, "Ga wanda ya sayar da tabi'iyya saboda barewa." Sai ya ce, "Ci tsirenka ka tashi, kana kore mini masu saye." Bai taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba, kuma bai taɓa bari na tafi ba tare da ƙunshin yara ba.

Shekarar da matata ta rasu, duk azumin nan shi yake hawo mota daga Utaibiyya zuwa unguwarmu ta Shisha da kunun tsamiya a fulas. Ba ya yi mini wa'azi. Ya zauna, mu sha ruwa tare, ya tashi.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne. Na tarar ya rame ƙwarai, sai idanu. Ɗan nasa na Kano ya matsa a kawo shi can, ya gina gida, akwai masu kula da shi. Maganarsa gaskiya ce, don Safiya ita kaɗai take fama. Ga iƙamarsa ta kusa ƙarewa, ga shi ba ya iya tashi.

Na zauna a bakin gadon, na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙewa ba da wasa ba. Na ce, "Yaya, da za a mayar da mu kwarin nan, za ka yi shingen?"

Ya juyo ya dube ni. Sai ya ce, "Da na iya magana a lokacin, da na lallashe shi. Ban iya ba, kuma tafintana bai da kirki." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Yaran nan na cuce su, ya akhi, na sani. Ina roƙon Allah su yafe mini. Amma shingen, a'a."

Da zan tafi ya riƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya ce, "Bakur, ka yi musu magana. Kada a fitar da ni. Saura kaɗan."

Ban san ko daidai ya yi a kwarin nan ba. Na tsufa ina juya maganar, wani lokaci in ce taurin kai ne, wani lokaci in ji kunyar kaina a gabansa. Abin da na sani shi ne ina ƙaunarsa, kuma yau ji nake kamar an sare mini ƙafa ɗaya.

Na yi wa ɗan nasa waya a ranar, na roƙe shi ya ɗan jinkirta. Ya yi kuka, ya ce to. Ɗazu na sake kiransa, shi ya fara cewa, "Alhamdulillahi da ban ɗauko shi ba."

Za a yi masa salla a Harami bayan La'asar, a kai shi makwancinsa a nan cikin Makka. Daga yau babu sabuntawa, babu kafili, babu mai cewa ya tashi.

Ya Allah, bawanka Idrisu ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da mahaifinsa da bai ƙaraso ba. Ka ba Safiya da 'yan'uwanta haƙuri, ka buɗe wa zuriyarsa abin da ya rufe.

Wanda yake kusa ya zo salla. Wanda yake nesa, don Allah kafin ka wuce rubutun nan ka tsaya ka ce Allah ya jiƙan Yaya Idi.