Abin da Muka Manta Mu Rubuta: Shekara Tara Bayan Yaya Maina

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Maina makwancinsa a Gashuwa. Shi ne babban wanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda wani abu da ya faru a gonarsa ta fadama, wanda kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Yaya manomin shinkafa ne. Ƙwallo kuwa, a faɗi gaskiya, ban taɓa ganin ya buga ta ta tafi inda ya nufa ba. Amma shi ya tara samarin unguwarmu ya kafa ƙungiyar Bakin Kogi, shi ne shugaba, shi ne koci, shi ne mai ɗinkin ƙwallo idan ta yage. Ni ya naɗa ni sakatare, ba don na san komai ba sai don ni ne ɗan bokon gidan. Ko da aikin koyarwa ya kai ni Nguru bai sauke ni ba, ya ce ai motar Gashuwa ba ta ƙarewa a tasha.

Doka ɗaya gare shi da ba a taɓa masa ita. Da zarar shinkafa ta nuna, an rataye ƙwallo, sai an ɗinke bakin buhu na ƙarshe. Duk 'yan wasa za su ɗauki lauje a fita gayya, gona bayan gona, bisa lambar riga. Da gonar gola ake farawa, sannan ta lamba biyu, a bi har a kai kan 'yan benci. Shi ya sa a Bakin Kogi kaɗai ake rububin tsaron gida, don wanda aka fara yi wa yanka shi ke tsere wa tsuntsayen jan-baki, waɗanda kan sauka a gona kamar hadari su bar maka kara. Wanda bai zo gayya ba, ba riga.

Na tuna shekarar da Zanna, wanda ya fi kowa cin ƙwallo, ya tsallake gayyar gonar Goni, abokin wasansa, ya tafi bikin abokinsa a Kumagannam. Da aka dawo wasa, karonmu na farko da wata ƙungiya ce ta Nguru, a gaban abokan aikina da ɗalibaina. Yaya ya ajiye Zanna a benci daga farko har ƙarshe, aka yi mana dukan kawo wuƙa. A mota ina ta kumfar baki, ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "To, mun sha kashi. Shinkafar Goni dai tana ɗaki." Sati biyu na yi ba na gaishe shi da kyau.

Bayan rasuwarsa mun lallaɓa ƙungiyar shekara shida da ƙyar. Riguna sun koɗe, yara na musayar takalmi a tsakiyar wasa, tafiya Nguru ma sai an yi karo-karo. Ana cikin haka wani attajiri, ɗan garin ne amma mazaunin Abuja, ya zo da abokan kasuwancinsa suna son su zuba jari, su karɓi ragamar ƙungiyar. Ba zan ɗauki alhakinsu ba. Abin da suka yi alkawari sun cika: bas mai tambarin ƙungiya, albashi duk wata, koci mai takarda, har da mai duba rauni. Ba su ɓoye mana komai ba, kuma ba su matsa mana ba.

Mu dattawan ƙungiya kwana biyu muka yi muna kai-kawo da su. Sun so canza suna, muka ƙi. Sun so mayar da koriyar riga ja, muka ce sai dai a fasa. Sun so a mayar da wasannin gida babban fili, muka ce a'a, a gyara namu. Duk muka yi nasara, na karanta takardar yarjejeniyar layi-layi kamar mai duba jarrabawa, na sa hannu ina jin kaina. A cikinmu mu takwas babu wanda ya ambaci gayya. Ba wai mun yarda a bar ta ba ne. Bai taɓa zuwa mana a rai cewa abin rubutawa ba ce, kamar yadda ba wanda zai rubuta cewa za a tsaya a yi sallar La'asar.

Damina ta wuce, shinkafa ta nuna, sai ga jadawalin gasa ya faɗo daidai tsakiyar yanka. Koci ya kulle yara a sansani, atisaye safe da yamma. Da na je masa da maganar gayya, ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya tambaye ni a wane shafi na yarjejeniyar take. 'Ya'yan manoma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, aka cike gurbinsu da yara daga garuruwa masu nisa. Yara ne masu kirki, kuma sun iya ƙwallo fiye da yadda muka taɓa mafarki. Ƙungiya ta hau, 'yan kallo sun ƙaru, ni ma ina cikin masu tafi.

Wanda ya rage daga 'yan unguwa shi ne Lawan, babban ɗan Yaya, kuma shi ne gola. Gonar uban nasa ita ke ciyar da mahaifiyarsa Ya Falmata da ƙannensa. Shekara biyu yana ɗaukar 'yan ƙodago, amma lokacin yanka kowa na nemansu, kafin su iso jan-baki sun ci rabonsu. Bana ya nemi hutun sati guda. Aka gaya masa ƙofa a buɗe take, amma masu neman 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi za su zo a satin, kuma golan da ke bayansa ba zai mayar masa da gurbi ba idan ya samu.

Ranar wata Juma'a ya same ni a Nguru bayan an sauko daga masallaci. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana wasa da makullin babur kafin ya ce, "Baffa, da Baba yana nan, me zai ce in yi?"

Wannan tambaya ta yi mini nauyi, don amsa biyu na gani. Yaya da na sani zai ce a ajiye safar hannu a ɗauki lauje, ko waye zai zo kallo. Amma shi dai wannan Yaya ne ya sayar da ragonsa ya saya wa Lawan safar farko, kuma na sha ganin yana juya baya idan za a buga wa yaron fenariti. Ban san wanne zai rinjaya ba, kuma na ji tsoron in sa wa mamaci magana a baki. Sai na ce, "Ban sani ba, Lawan. Abin da na sani, ni na sa hannu, ba kai ba. Koma sansani, gona tawa ce bana."

Na ɗauki hutu na bi tsofaffin 'yan Bakin Kogi gida-gida. Mutum bakwai suka amsa, masu tumbi da ciwon gwiwa, har da Zanna, wanda yanzu ke sayar da tattasai a kasuwa. Aikin da a da muke gamawa kafin Azahar ya ci mana kwana huɗu, kuma gefen da ke kusa da ruwa tsuntsaye sun riga mu. Ya Falmata na kawo mana kunu tana yi mana tsiya, wai a da laujenmu take ji, yanzu nishinmu. Ina murna an gama, sai Ari mai walda ya dafa ni ya ce, "Malam, gobe gonata ta Katuzu fa. Ni ne lamba biyu." Haka na ƙara neman hutu, bayana kuwa har yanzu bai yafe mini ba.

Lawan ya riƙe gurbinsa, an ce ma sunansa na cikin waɗanda masu neman 'yan wasan suka rubuta. Na ji daɗi har raina, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sunan da Yaya ya raɗa yana nan, koriyar riga tana nan, filin ya fi da kyau. Waɗannan su muka tsaya kai da fata muka kare, sai yanzu na gane su ne masu sauƙin karewa. Abin da ya fi zama nasa yana wuyan mutum bakwai da ƙaraminsu ya ba hamsin baya, kuma ba mu da na bayanmu.

Da muka gama gona ta ƙarshe Lawan ya kira ni a waya. Bai tambayi yadda shinkafar ta yi ba, cewa ya yi, "Baffa, su wa suka zo?" Na lissafa masa su ɗaya-ɗaya, yana amsawa da sunan unguwar kowa da inda gonarsa take. Da na gama lissafin, sai ya ce:

"Baffa, mu goma sha ɗaya muke shiga fili, shekara uku ke nan. Wallahi ban san ƙofar gidan ko mutum ɗaya ba."

Allah ya haskaka kabarin Yaya Maina, ya yafe masa, mu kuma ya yafe mana abin da muka bari ya zame daga hannunmu muna kallo.