Ɗakin da Kwanuka Suke Kwana

Shekarun baya, a wata damina da marka ta yi tsanani, na koyi darasin da ya kamata a ce na koye shi tun ina yarinya. Na jinkirta rubuta shi domin ba na son labarin da aka rubuta cikin gaggawa. Yanzu da abin ya daɗe da wucewa, zan iya faɗarsa a tsanake.

A lokacin na riga na ajiye aikin koyarwa, Ubangiji ya kira mai gidana, 'ya'yana kuma sun watsu birane neman abinci. Ina zaune ni kaɗai a gidanmu, a wani ƙauye kusa da wani gari da ake kira Turawa. Gidan ba babba ba ne. Akwai zaure, da ɗan ɗakin da nake kwana, da madafa, sai kuma ɗaki mafi girma, wanda mai gidana ya yi wa rufin kwano da daɓen siminti kafin ya rasu. Shi ne ɗakin da ya fi kowanne kyau a gidan, kuma ba mutum ne yake kwana a cikinsa ba.

Kaya ne a ciki. Jeren aurena yana nan, da na mahaifiyata da na gada, da abin da na riƙa ƙarawa duk lokacin da albashi ya yi saura. Kwalla a kan kwalla har kusa da rufi, fantekoki, tasoshi, farantan tangaran da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, manyan tukwane, da akwatunan ƙarfe cike da atamfofi da barguna da zannuwan gado. Matasan da suke karanta wannan za su iya yin dariya, amma a wurinmu kwano ba na cin tuwo ba ne kawai. Mace tana jera shi ne domin ranar da ta shiga matsi ta zare ɗaya ta ba dillaliya. Mahaifiyata ta ga yunwa da idonta tun tana budurwa, har ta koma ga Ubangiji ba ta daina ba mu labarinta ba. Ita ta koya mini tsoron gobe. Malamanmu na mishan suka koya mini tsabta da tsari, da yadda ake ninke zane kusurwa ta haɗu da kusurwa. Ni kuwa na haɗa ilimin biyu na cika ɗaki guda da shi. Nakan shiga in goge su ɗaya bayan ɗaya, in mayar da kowanne mazauninsa, in kulle ƙofa, in ji hankalina ya kwanta.

Maƙwabtana Musulmi ne, manoman gero da gyaɗa, tun iyaye gonakinmu suke iyaka da juna. Gidansu na ƙasa ne. A markar nan aka yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, gini ya sha har ya ƙoshi. Wata rana da la'asar muka ji ƙara, muka fito muka tarar ɗakunansu sun zube. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, domin duk suna rumfa a lokacin. Ba su kaɗai ba ne, gidaje da dama sun faɗi a unguwar a makon nan. Mai gidan ya koma zauren wansa. Matarsa da 'ya'yanta ƙanana da surukarta, wata tsohuwa da muke kira Iya, suka zo wurina da ɗan abin da suka tono.

Kowa ya san ba a ginin ƙasa da damina. Sai an gama kaka, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a jira rana ta busar da shi. Saboda haka ba baƙin kwana biyu na yi ba, baƙin watanni ne, kuma na san haka tun da na gan su a bakin zaure.

Na sauke su a madafa. Ina so a fahimce ni, ban yi shi da wulaƙanci ba. Na share ta tas, na shimfiɗa tabarmi, na ɗaura gidan sauro, na jera musu kayansu yadda ya kamata. Rufin madafar na ƙasa ne, yana yoyo ta kusurwa biyu, sai na tara tsofaffin kwanuka a wurin. Iya tana da tari tun kafin wannan, sanyin ƙasa kuma ya tayar da shi. Na yi mata tayin gadona, ta ƙi, ta ce ita ba ta raba mai gida da makwancinta, kuma jikokinta ba sa barci sai a jikinta. Da ta ƙi, sai na ji a raina na sauke nauyi. Maƙwabciyata ba ta taɓa ko kallon ƙofar babban ɗakin ba. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi godiya, in tambaye ta jikin Iya ta ce da sauƙi, alhali ina jin tarin daga ɗakina.

Ana cikin haka ƙanwata ta zo daga Rogo yi mana jaje. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, makaranta ɗaya muka yi, amma ita tsarin bai kama ta ba, kuma bakinta ba shi da linzami. Ta shiga madafa ta gaishe da Iya, ta daɗe a ciki. Da ta fito sai ta nemi mabuɗin babban ɗakin, na ba ta ina zaton wani abu take so ta ɗauka. Ta buɗe, ta cire takalmi, ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa ta shiga gaisuwa. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi yadda aka ji da ruwa, har da ya ya sanyi. Na tambaye ta da wa take magana.

"Da masu gidan mana, Yaya," in ji ta. "Na ga su aka ba ɗakin siminti."

Na yi mata faɗa irin wanda na saba yi wa ɗalibai. Na ce mata wannan ba abin wasa ba ne, tsufana ne a ɗakin nan. Fansho sai ya ga dama yake zuwa, 'ya'yana suna da nasu nauyin, ni kuwa ban yi niyyar zama kaya a wuyan kowa ba. Idan ciwo ya zo, ko fari, me zan kama? Ta bar ni na gama, abin da ba halinta ba ne. Sannan ta miƙe ta kaɗe zanenta.

"Yaya, tun da mai gidanki ya rasu, wane kwano kika sayar kika ci?"

Na ce babu.

"To wa yake ciyar da ke?"

Ta ƙara da cewa tarin Iya ya sauka ƙirji, in ban ji ba ita ta ji. Daga nan ta tafi ta hura wuta kamar ba ta ce komai ba.

Washegari da safe na durƙusa yin addu'a kamar kullum. Da na kai inda muke roƙon abincin yini, sai bakina ya tsaya. Shekara da shekaru na koya wa yara wannan addu'a, na sha tsayar da aji guda saboda wani ya haɗiye kalma. Ban taɓa lura ba cewa na yau kaɗai aka koya mana mu roƙa. Ni kuwa na yau nake roƙon Ubangiji, na gobe na ba kwalla ajiya, domin a can ƙasan zuciyata na fi amincewa da ita. Ina durƙushe a wurin, tarin Iya yana shigowa ta taga. Na ƙarasa addu'ar da ƙyar, na fita na ce wa ƙanwata ta zo mu kwashe.

Da farko na yi dabarar mayar da kayan ɗakina, amma ko rubu'insu bai ɗauka ba. Madafa tana yoyo, zaure kuma hanya ce. Sayarwa ba ta taso ba, domin a tsakiyar marka ba wanda yake da abin saye, kowa hatsinsa ya ƙare yana jiran sabo. Alhali ga mata a unguwa da gini ya danne musu tukwane da suturu. Amsar tana gabana, ni ce nake kewaye ta. Na kira matan zumunta na cocinmu, maƙwabciyata kuma ta faɗa mana gidajen da abin ya fi shafa, domin ta fi ni sanin cikin gidajen.

Sai dai hali zanen dutse. Na kafe a kan cewa ba abin da zai fita daga gidana sai an wanke shi, zane kuma sai an goge. Na hura gawayi na zuba a dutsen guga, na ɗaura igiyar shanya, ga shi babu rana. Ƙanwata ta dube ni ta ce idan sai na gama guga Iya za ta shiga ɗakin, to gara in fara da goge likkafani. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Muka tura akwatuna gefe guda, muka shimfiɗa katifa da bargo mafi kauri, muka kamo Iya muka kawo ta tun ɗakin bai gama zama fili ba. Ta zauna, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rufin. Ruwa yana dukan kwano, ko ɗigo babu.

"Malama," ta ce, "Allah ya ba ki inuwa ranar da babu inuwa."

Na ce amin, na fita da sauri, domin ba na son a ga fuskata a irin wannan hali.

Rabon ya ɗauki kwanaki. Ba zan ce ya zo mini da sauƙi ba. Duk wadda na miƙa wa abu sai na bi ta da bayani, kada a kankare shi da yashi, kada a bar shi da ruwa ya kwana, ƙanwata tana jan gefen zanena. Wasu atamfofin da na buɗe, ninkin ya cinye su, sun tsage a daidai layin da na fi alfahari da shi. Na riƙe abin da nake amfani da shi, da keken ɗinkina, da tasa ɗaya ta mahaifiyata. Sauran suka bi gari. Da yamma ta ƙarshe na tsaya a tsakar gida ina jiran baƙin ciki ya zo, sai na ji jikina sakayau, kamar wadda ta sauke dami bayan doguwar tafiya.

Muka kai Iya asibiti aka ba ta magani, ga kuma wuri busasshe, tarin ya riƙa ja da baya har ya tafi. Ta ga kakar shekarar, ta zauna a tsakar gidana tana ɓarar gyaɗa tana gyara mini yadda nake kaɗa miya. Yaran suka yi wa bangon da na shafa wa farar ƙasa ado da tafin hannu. Na koya musu wanke hannu kafin cin abinci, su kuma suka koya mini kau da kai.

Jarrabawar ta zo ne da Kirsimeti. 'Ya'yana da jikokina suka ce za su zo gaba ɗaya, kuma al'adarmu ce mu dafa da yawa mu aika wa maƙwabta, kamar yadda suke aiko mana da Sallah. Sai na tuna babbar tukunyata tana gidan wata mata a ƙarshen unguwa. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan miji ban taɓa zuwa aron ko ludayi ba, ina ma ganin masu yi a matsayin marasa tsari. Na yafa mayafi na tafi. Na zauna na gaishe ta, na tambayi mai gida, na tambayi yara, na tambayi amfanin gona, na sake komawa kan yara. Ta ƙyale ni na yi ta zagaye, sannan ta yi murmushi.

"Malama, tukunya ce ko? Ai tun jiya na wanke ta. Na san ba za ki karɓa da baƙi a gindi ba."

Kafin in isa gida tukunyar ta riga ni, kuma ba ita kaɗai ta zo ba. Wata ta aiko da fantekoki, wata da itace, wata ta zo da kanta ta kama mini tsintar shinkafa. Tukunyar ta lotsa a gefe, gindinta kuma duk da wankin bai fita yadda nake so ba. Na gani, ban ce komai ba. Ƙanwata ta ce wannan shirun nawa shi ne babban abin al'ajabin shekarar.

Da rani ya yi suka gina ɗakunansu suka koma. Ban sake cika ɗakin ba. Gado ne a ciki da tabarma, kuma ba ya daɗewa babu mai kwana.

Ba ina cewa kowa ya kwashe kayansa ya rabar ba. Tanadi ba zunubi ba ne, har gobe ba na son almubazzaranci, kuma wanda ya zo gidana zai tarar da zannuwana a ninke yadda aka koya mini. Abin da na gane shi ne, akwai tanadin da hankali yake sa mutum ya yi, akwai kuma wanda tsoro yake sa shi, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Nawa na tsoro ne. Ya kai ni har na kwantar da tsohuwa mai tari a ƙasa mai laima ina ganin na kyauta, kuma Ubangiji cikin jinƙansa bai bari na gane haka a bakin kabari ba. Duk lokacin da na tuna yadda abin zai iya ƙarewa, sai in yi ajiyar zuciya in gode.

Tun daga shekarar nan an yi fari, fansho ya sha makara, na kwanta ciwo na tashi. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Kafin shekarar ma ban taɓa ba. Bambancin kawai shi ne, yanzu na san wanda yake ciyar da ni.