Maiwada Makiyayin Jirage

Maiwada na Kudan irin mutanen nan ne da ido ba ya tsayawa a kansu. Ko wurin suna ya je, mai rabon goro sai ya tsallake shi, ba don ƙeta ba, don dai bai gan shi ba. Shekara arba'in yana noman dawa da rake a gindin wani dutse, ba wanda ya taɓa neman shawararsa ko a kan gishirin miya. Abin yana cinsa a rai, amma wa zai gaya wa?

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, ƙananan jiragen masu koyon tuƙi suka fara tasowa daga wani fili can kudu suna shawagi a kan garin. Wata rana da hantsi yana kan dutsen yana korar tsuntsaye da jan zanen matarsa Rahmatu ɗaure a gora, sai ga jirage biyu sun nufo juna kamar raguna za su yi karo. Maiwada ya kaɗa zanen, ya daka musu tsawar da yake yi wa awaki. Ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, iskarsu ta kwantar da dawa.

Daga ranar ya naɗa kansa makiyayin jirage. Kullum da sassafe yana kan dutse, ya san mai taurin kai, ya san matsoraci, har suna ya raɗa musu. Ciyawa ta cinye gona, shi ko a jikinsa.

"Malam, zanen nan fa na fita unguwa ne," in ji Rahmatu.

"Rayuka ne a sama, Rahmatu. Unguwa ba za ta gudu ba."

Abin mamaki, tun da ya kama aiki jiragen suka ƙara haukacewa. Da can sai jefi-jefi, yanzu kusan kowane mako sai biyu sun kusa gogar juna a daidai kansa. Maiwada ya ce to, da ba ya nan fa?

Ana nan sai ga mota ta tsaya a bakin gona. Wani ma'aikacin filin jirgin mai suna Ashafa ya hau dutsen yana haki. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina.

"Baba, roƙonka na zo yi ka sauka," in ji Ashafa. "Ɗalibanmu sun mayar da kai alamar juyawa. Duk wanda aka tura arewa, sai ya ce a kan mai jan zane zai juyo. Shi ya sa suke cunkushewa a kanka."

Gorar ta yi wa Maiwada nauyi a hannu. Can ya ce, "Wato daga can sama suna ganina?"

"Baba, ai ba wanda bai san ka ba. Har a taswira wani ya zana ka."

Ya kwance zanen, wanda rana ta riga ta koɗar, ya kai wa Rahmatu da hannu biyu. Jiragen suka canza hanya, ba a ƙara jin sun kusa karo ba.

Da sati ya zagayo aka yi suna a maƙwabta, mai rabon goro ya tsallake shi kamar kullum. Maiwada ya miƙe tsaye a tsakiyar dattawa, ya miƙa hannu.

"Ga ni nan," ya ce. "Biyu za ka ba ni."