Jirgin kyauta da harajin kwando

Ɗan majalisar jiha mai wakiltar garinmu ya shekara shida a kan kujera, amma abin da aka taɓa ji daga bakinsa a zaure kalma uku ne: "Na goyi baya." A ƙara haraji, ya goyi baya. A rage, ya goyi baya. Tsofaffin garinmu suna cewa ko mai jego ba ta kai shi iya goyo ba.

Da aka ce zai zo New York ƙaro ilimin haraji, ƙungiyarmu ta 'yan gida ta ɗora mini yawo da shi, tunda ranar ba ni da aiki a asibiti. Na karɓa hannu bibbiyu, don ina da tawa a ƙasa. Mahaifiyata busasshen kifi take sayarwa, ga shi an ƙaƙaba wa 'yan kasuwa harajin kwando, duk kwandon da ka sauke sai ka biya. Ta riga ta ce idan aka ƙara ko sisi, ta bar kasuwa ke nan. Ni kuwa na san kasuwar nan ce ke riƙe da ita tun rasuwar Baba.

Daga Port Richmond muka hau bas zuwa St. George, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Manhattan. Ya zura hannu a aljihun babbar riga.

"Ƙanwata, ina masu yankan tikiti?"

"Ranka ya daɗe, kyauta ne."

Ya ja ya tsaya, har mutane na kauce masa. "Kyauta? To wa ke ci?"

"Ba mai ci. Harajin da muke biya ne yake dawo mana."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Tun daga wannan gaɓa har waccan ina yi masa wa'azi: a karɓa a wurin mai shi, a yi wa talaka aiki, a ƙyale masu kwando. Ya fito da biro yana rubutu a bayan ambulan. Har ga Allah, daɗi ya kama ni.

Bayan wata biyu bidiyo ya iso ta WhatsApp. Ga mutuminmu a tsaye, karo na farko a rayuwarsa, yana nuna rufin majalisa da yatsa.

"Mista Sifika, a Amurka jirgi kyauta ne! Wata 'yarmu nas ta tabbatar mini sirrin shi ne biyan haraji. Saboda haka a ninka na kwando!"

Zaure kaf ya goyi baya. Mu ko kwalekwalen fito ba mu da shi na gwamnati.

Garinmu nas ɗaya gare shi a Amurka. Ban yi ƙarfin halin kiran gida ba, Mama ce ta kira. Ta ce ta raba wa maƙwabta kwandunanta. Sannan ta ce:

"Ashe da kuɗin kifina na yi wa majalisa rainon malama."