Direba Mai Hannu Guda

Tajuddeen tela ne a Gusau, haifaffen Nahuce, kuma ba sabon ɗinki ne ya yi masa suna ba, gyara ne. Kai masa rigar yayanka, ya rage ta ta zauna maka kamar don kai aka yanka. Surutu kuwa, ba ya shiru sai da allura a baki.

Akwai wani wasa da ya koya wurin wani ɗan bautar ƙasa tun yana sakandare a Bungudu. Babu ko sisi a ciki, balle a kira shi caca. Kowa zai ƙirƙiri mutum, a rubuta a takarda abu biyu da ya iya da rauni ɗaya. Tajuddeen ke jan labari. In mutuminka zai gwada abu mai wuya, sai ka jefa ɗan ludo: huɗu zuwa shida ka yi nasara, ƙasa da haka ka sha ƙasa, labari ya ci gaba a hakan. Duk Juma'a bayan la'asar suke yi a tsakar gida, shi da ƙanwarsa Luba da mijinta Bala.

Sai ciwo ya kayar da mahaifinsu. Baba Ashiru ya shekara talatin yana jan motar hatsi tsakanin Tsafe da Gusau da Bungudu, rana ɗaya ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga asibiti Tajuddeen ya kawo shi gidansa. Baki ya dawo, ƙafa tana ɗan takawa, amma tsohon ya daina fitowa daga ɗaki. Ƙarshe ya sa Luba ta ɗaure masa kaya a jaka, wai a mayar da shi Nahuce, inda babu mai miƙa masa ko ruwa. Wannan magana ta hana Tajuddeen sukuni.

Da ƙyar ya lallaɓo shi kan tabarmar wasa. Ya rubuta masa direba, ya jibga masa iyawa har biyar, wurin rauni kuwa ya bar shi fari. Wa zai rubuta raunin ubansa da hannunsa? In ɗan ludo ya nuna biyu, caraf Bala zai ɗauke ya ce shida ne. Juma'a biyu direban Baba yana ratsa duniya ko ƙaya ba ta soke shi ba. A ta uku tsohon ya ture takardar. Bai taɓa kiran ɗan farinsa da suna ba, sai da sana'a.

"Tela, wanga mutum naka ba ya hwaɗuwa ne? Hannuna ciwo yac ci, bai ci idona ba. Biyu nig gani. Kun maishe ni jinjiri. Gobe a sa ni motar Nahuce."

Kunya ta rufe Tajuddeen. Shi da ke rage wa duk gari riga, ya ɗinka wa ubansa wadda ta haɗiye shi. Ya juya bayan takardar, ya zaro fensir daga bayan kunne.

"To Baba, hwaɗa mani shi yadda yake, in auna."

Tsohon ya fara jero masa. Direban, in ji shi, yana gane ciwon mota daga kukan inji, kuma babu mai yi masa ƙarya a tasha. Da aka zo rauni fensir ya tsaya.

"Rubuta mana," in ji tsohon. "Hannu guda gare shi. Kuma shina da taurin kai."

"Na biyun ba sai an rubuta ba, Baba," in ji Luba, tana kallon ƙasa.

Tajuddeen ya ja labari. Damina ce, mota cike da gero a gindin dutsen Kwatarkwashi, ruwa ya cinye hanya, kuma direba ya ce sai ya ratsa da hannunsa guda. Baba ya ɗauki ɗan ludo da hagu ya jefa. Ɗaya. Bala ya kai hannu, Tajuddeen ya danne masa gwiwa.

"Mota ta kahe cikin laka, Baba. Taya huɗu sun nutse."

Tsohon ya fashe da dariyar da rabonsu da ji tun kafin asibiti, har sai da tari ya sarƙe shi.

"Bala, sauko ka tura, tunda kai ag gwanin shida."

Suka yi ta fama, Bala na turawa, Luba na neman itacen sa wa taya, har aka kira magariba mota ba ta fita ba. Luba na naɗe tabarma ta tambaya a hankali.

"Baba, motar Nahuce ta gobe hwa?"

Baba Ashiru ya ninke takardarsa da hannu ɗaya, ya cusa a aljihu.

"Shekara talatin ban taɓa barin mota cikin laka in tahi gida ba. Kwance jakar."