Tsohuwa Mai Butar Shayi

Chilufya, magatakardar majalisar gari, ba ta san tsohuwar nan ta bencin gaba ba. Zanenta ya sha guga, silifas ɗaya ɗinke da waya, ga butar shayi ta rungume kamar jika. Yadda take zaune ƙyam, Chilufya na zaton tsohuwar malamar makaranta ce.

Kansila Sikazwe na tsaka da rantsuwa cewa ruwan unguwarsu ya gyaru, sai ta miƙe ta tsiyaya masa kofi guda, ja wur.

"Maƙogwaronka ya bushe, ɗana. Na famfonmu ne, na safiyar nan. Sha."

"Ayya Mama, yau azumi nake."

"Madalla," in ji ta, tana gyara zama. "Zan jira ka sha ruwa."